'Yan sintirin layinmu: shekara biyu ina biyan dubu biyu duk wata, ga abin da na gani

Wani abokina da ya tare a sabuwar unguwa ya kira ni shekaranjiya yana tambaya wai su ma za su ɗauki 'yan sintiri, ya nake ganin namu, suna aiki ko kuɗin banza ne. Na fara ba shi amsa a waya sai na ga maganar ta fi ƙarfin katin da ke wayar tasa, shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta, wanda zai amfana ya amfana.

Layinmu yana can gefen Kano, irin unguwannin nan da gida ɗaya an gama, na kusa da shi kango, na gaba fili ne da ciyawa. Gidaje sun kai saba'in idan ka haɗa da shaguna. Kafin mu ɗauki mutanen nan abin ya yi muni, batirin sola, kan janareta, injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, har wayar transifoma an taɓa yankewa muka yi wata biyu a duhu. Ni kaina babur ɗina aka ɗauke a soro, da kwaɗo biyu a ƙofa. Toh bayan sallar isha'i wata ranar Juma'a mai unguwa ya ce kowa ya tsaya, aka yi ta magana har wajen goma, aka tsayar da cewa za a ɗauki mutum takwas, kwamandansu wani tsohon soja ne da ya yi ritaya yana zaune a bayan layin, kowane gida dubu biyu a wata, shago dubu ɗaya. Aka sayo musu tocila, usur, rigar ruwa, takalmi, gora kuwa kowa ya zo da tasa. Aka yi shingen ƙarfe a bakin layi ta gabas da ta yamma, ƙarfe sha ɗaya ana rufewa, ba a buɗewa sai kiran assalatu.

Maganar gaskiya ta fannin sauri ban da abin cewa sai godiya. Akwai daren da uwargida ta tashe ni wajen biyu da rabi ta ce Baban Ummi ka ji kamar ana taɓa kwano ta baya, na kasa kunne na ji ƙarar takalmi a jikin katanga, hannuna na rawa na danna lambar kwamanda, ko sallama ban yi ba na ce gidana ta baya. Wallahi ban gama saka riga ba na ji usur ta ko'ina, minti huɗu bai cika ba tocila uku na haska bayan gidan. Mutumin ya tsere ta cikin kango amma ya bar silifas ɗinsa ɗaya da wani ƙarfe da ya lanƙwasa. Da safe kwamanda ya kawo min ƙarfen ya ce Malam ajiye wannan, ka riƙa tunawa da shi ranar da yaron karɓar kuɗi ya zo ka ce ba canji. Muka yi dariya. Tun daga wannan watan ban ƙara jinkirin biya ba.

In ka kwatanta da ranar da na je caji ofis kan maganar babur ɗina, ba zan faɗi wane ofis ba ne don ba shi kaɗai ba ne haka. Na tarar da mutum biyu a kanta, ɗaya yana cin gyaɗa, a bango an manna takarda da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne, gefenta kuma wata tana cewa ɗan sanda abokin kowa. Na yi bayani, aka ce sai na rubuta sitatimen, takarda da biro kuma ni zan kawo kuɗinsu. Na bayar. Aka ce za a je a ga wurin amma mota ba mai. Na bayar. Suka zo suka kalli ƙofar soron, ɗaya ya taɓa kwaɗon da aka fasa ya ce lallai ƙwararru ne, shikenan aikin da aka yi min kenan, babur har yau. Ban ma ji haushinsu sosai ba daga baya, don na ga ɗakin da suke zama, na ga bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ne. Mutum kusan dubu 370 aka ce su tsare ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, cikinsu kuma da yawa suna riƙe wa manya jaka.

Abin da ya sa rubutun nan ya yi tsawo shi ne musun da muka yi da ɗan yayata, yana karatun lauya a jami'a, ya zo hutu wajena. Ya ga rasit ɗin 'yan sintiri a kan tebur ya ce Kawu kai fa ka san waɗannan ba su da hurumin komai a doka, ikon ɗan sanda shi ne na gaske domin daga jama'a ya fito. Na ce daga wace jama'ar. Ya ce sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa mulki na jama'a ne, daga wurinsu gwamnati take samun duk ikonta, mu muka zaɓi 'yan majalisa, su suka yi dokar 'yan sanda ta 2020 wadda Buhari ya sa wa hannu, saboda haka duk ɗan sandan da ya tsayar da kai a hanya da yardarka ya tsayar da kai. Na ce yaro, kundin nan da kake faɗa sojoji ne suka miƙa mana shi lokacin Abdulsalami, ni dai ba wanda ya zo ƙofar gidana ya ce Malam ka yarda ko ba ka yarda ba. Amma waɗannan takwas ɗin ina zaune a kan tabarma aka ce wa ya amince, na ɗaga hannu da kaina.

Shi ya kawo min labarin Ingila, wai a 1829 da Robert Peel ya kafa 'yan sandan Landan mutanen garin ba sa so, suna tsoron za a kawo musu sojoji ne da wani suna, shi ya sa aka sa musu shuɗin kaya maimakon jan kayan soja, aka ba su kulki ba bindiga ba, aka gina abin a kan cewa sai jama'a sun yarda da kai za ka iya aiki. Na ce to madalla, can gidansu kenan. Da suka zo nan ai ba haka suka yi ba. A 1861 suka ci Legas suka kafa 'yan gadin ƙaramin jakadansu, bayan nan wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga ya sa su tsaron Yarbawa, har rundunar ta ɗauki sunan Hausa. Dabarar a fili take, ka ɗauko baƙo wanda ba shi da ɗan'uwa a garin ka ba shi sanda, ba zai ji kunyar kowa ba. Kamfanin Neja ma ya kafa tasa rundunar a Lokoja, sai a 1930 aka haɗe ta kudu da ta arewa ta zama rundunar da muke da ita yau. Ko sunan da muka ba su ka duba, ba mu ce mai tsaro ba, ba mu ce mai gadi ba, ɗan sanda muka ce, abin da muka fara gani a hannunsa kenan.

Nan yaron ya kama ni, kuma na yarda ya kama ni. Ya ce to Kawu 'yan doka fa, na En'e, ai su 'yan gari ne, Hausa suke ji, sun san gidan kowa. Na yi shiru saboda na tuna kakana Allah ya ji ƙansa, ɗan NEPU ne na a mutu, yana ba mu labarin yadda 'yan doka suke kama mutum don ya je taron Malam Aminu Kano, a kai shi gaban alkali a ce ya zagi sarki, kafin la'asar yana gidan yari. Wanda ya kama shi ɗin tare suka yi makarantar allo. Wannan na cikin dalilan da suka sa bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka rushe 'yan dokan suka zuba su cikin rundunar tarayya, kuma har yau sashe na 214 yana cewa runduna ɗaya ce tak a ƙasar, ba a yarda a kafa wata ba. Sufeto Janar shugaban ƙasa ke naɗa shi, kwamishinan jiha ko gwamna ya ba shi umarni yana iya cewa sai an ji daga sama tukuna. Wato zama ɗan gari bai sa ya zama naka ba, zama na tarayya ma bai sa ba.

Akwai wani sajan da yake haya a layin namu, mutumin kirki, kuma abin dariya shi ma yana biyan dubu biyun nan, don in ya tafi aikin dare iyalinsa su waye za su duba. Wata rana muna shan shayi na tambaye shi, na ce Yallaɓai tsakaninka da Allah in kana bakin aiki wa kake jin tsoro, mu ko oga. Ya ajiye kofi ya ce Malam kai za ka iya yi min taransifa zuwa daji? Na ce a'a. Ya ce za ka iya tsayar min da ƙarin girma? Na ce a'a. Ya ce to ka amsa wa kanka. Bai faɗa da gadara ba, kamar ma abin yana damunsa.

Toh yanzu bari in zo kan inda 'yan sintirin namu suka ɓata min rai, don abokina kar ya ce na yi masa tallan alewa.

Wata asuba cikin hunturun bara muka fito masallaci muka tarar da yaro ɗaure a jikin turken wuta, ɗan gwangwan ne, irin masu tura kura suna sayen tsohon ƙarfe, ba zai wuce shekara sha bakwai ba. An ɗaure hannunsa ta baya da igiyar shanya, an jiƙa shi da ruwa cikin sanyin nan, leɓensa ya fashe, idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe. A gabansa an ajiye tsohuwar ƙofar ƙarfe wai ita ce shaida. Yana ta cewa wallahi Hajiya ce ta ba ni, ku tambayi Hajiya, ba wanda ya kula shi, wasu ma da suka fito daga sallah da carbi a hannu sai da suka ƙara masa. Ni ban dake shi ba amma ban ce a kwance shi ba, na tsaya ina kallo kamar kowa, wannan har yau yana cina. Sai wajen bakwai Hajiyar ta aiko ɗanta ya ce eh ita ta ba shi jiya da yamma, ta ce ya zo da sassafe ya ɗauka kafin yara su fito. Aka kwance shi, hannun ya ƙi miƙewa.

Ba shi kaɗai ba. Akwai wani ɗan haya da yake aiki a gidan burodi, sha biyun dare yake tashi, sau biyu suna sa shi tsallen kwaɗo a bakin shinge wai bai nuna girmamawa ba, mutumin da yake da 'ya'ya uku. Akwai mai jego da aka tsayar da adaidaitarta kusan minti ashirin saboda mai riƙe da makulli ya tafi shan shayi.

Daren ranar yaron nan na kasa barci ina ta juya maganar da na yi wa ɗan yayata da baki cike, wai ni na ɗaga hannu. Eh na ɗaga, amma su waye a kan tabarmar? Masu gida ne, maza, waɗanda suka yi isha'i a wannan masallacin. Ba mace ko ɗaya, alhali gidaje wajen tara a layin mata ne ke riƙe da su. 'Yan haya an ce su biya amma ba a kira su ba. Samarin layin da su ne ake tsayarwa kullum ana tambaya daga ina, ba wanda ya ji ta bakinsu. Ɗan gwangwan kuwa da mai ruwa da almajiri ai ba a ma lissafa su cikin mutane. Mu da muka yarda ba a kanmu gorar take sauka ba, waɗanda take sauka a kansu ba a tambaye su ba. Na ga ashe abin da nake zargin Turawa da shi mun yi ƙaraminsa a layinmu da kuɗinmu.

Kuma abin ba wasa ba ne in ya girma. Kowa ya tuna Uromi a jihar Edo, watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan arewa suna hanyar dawowa gida yin sallah daga Fatakwal, 'yan sintirin garin suka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta aka ce masu garkuwa ne, aka kashe su aka ƙona. Mun yi kuka mun yi Allah ya isa, kuma da gaskiyarmu. Amma waɗancan ma a wurin mutanen garinsu masu tsaro ne. Zamfara ma duk wanda ya bi labarin ya san rawar da 'yan sa-kai suka taka, yadda ake kama Bafulatani a kasuwa a yanka ba shari'a, da yadda ramuwar gayya ta mayar da satar shanu ta zama abin da muke ciki yanzu. A ɗaya gefen kuma ga 'yan kato da gora na Maiduguri da suka tashi a 2013 suka fatattaki Boko Haram daga cikin gari lokacin da soja ya kasa bambance wane ne wane. Duk abu ɗaya ne, mutanen gari da sanda, wani wuri ya zama rahama wani wuri ya zama masifa. Yanzu gwamnoni sun shiga ciki, Amotekun a kudu maso yamma tun 2020, Dikko Radda ya ƙaddamar da nasa a Katsina a 2023, Dauda Lawal ya yi Askarawan Zamfara a farkon 2024, ga maganar 'yan sandan jihohi da ake ta ja, ni dai duk lokacin da na ji ta sai kakana ya faɗo min.

Abu ɗaya da zan yaba wa tsarin namu, wanda shi ya sa ban janye ba, shi ne abin da ya biyo baya. Kwana biyu da dukan yaron nan ɗan gwangwan aka sake zama, liman ya yi magana mai zafi, mai unguwa ya ce kwamanda ya tashi tsaye. Tsohon nan da ya yi yaƙi a Laberiya ya miƙe ya cire hula ya ce ranka ya daɗe laifina ne, ina barci suka yi. A daren aka sallami mutum biyu, aka cire kuɗin maganin yaron daga asusu aka ƙara masa da na kurarsa da aka lanƙwasa, aka kafa doka cewa duk wanda aka kama ba duka, a kira sajan ko a kai shi caji ofis kafin rana ta fito. Zama ɗaya. Ka gaya min a ina talaka zai zauna a kan tabarma ya sallami ɗan sandan da ya mare shi. Lokacin zanga-zangar ƙin rundunar 'yan sanda ta SARS a 2020 sai da matasa suka rufe tituna kwana da kwanaki kafin a ce an rushe ta ranar 11 ga Oktoba, bayan kwana biyu aka sanar da SWAT a madadinta, ranar 20 ga wata kuma aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Lekki. Kuma ko a lokacin gwamnonin arewa fitowa suka yi suka ce su suna son SARS ɗin saboda 'yan bindiga, to yardar wa za a ɗauka, ta mai shago a Legas da ake bincike wa waya ko ta manomin Birnin Gwari.

Sai dai dokar kai mutum ofis ɗin ma ta zo da nata ciwon kai. An kama wani da mitar wuta a buhu, wannan kam ba tantama, aka kai shi, kwana biyu sai ga shi yana wucewa ta bakin layi yana kallon 'yan sintirin yana murmushi. Mutane suka hau faɗa wai an sayar da kes. Ɗan yayata ya ce a'a Kawu, doka ce ta ce ba a riƙe mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi kotu ba, kuma mai mitar da aka ce ya zo ya ba da shaida ya ce shi ba shi da lokacin zirga-zirga. Dukansu biyun na iya zama gaskiya. Kwamanda dai ya ce min Malam kun ɗaure mana hannu, yarana suna cewa gara su yi masa abin da zai tuna. Na ce to ranar da suka sake yi wa wani abin da zai tuna alhali bai yi komai ba fa. Bai amsa ba, ni ma ban ƙara ba.

Maganar kuɗi kuma, akwai rasit, akwai littafi, ma'aji yana karanto lissafi duk bayan wata uku, wannan ba laifi. Abin da ban so ba shi ne manna sunayen waɗanda ba su biya ba a bangon masallaci. Akwai wani dattijo ɗan fansho da ya ce shi ba zai biya ba, bai nema ba, Allah ne ke tsare masa gida. Sai aka aika masa cewa to gidansa ba ya cikin lissafi, in an ji motsi ba za a zo ba, kuma aka tabbatar kowa ya ji an faɗa, wanda kusan kamar nuna wa ɓarawo ƙofa ne. Wata biyu ya fara biya. A littafi yanzu yana cikin waɗanda suka amince.

In taurari ake bayarwa ni uku zan ba su cikin biyar, sauri da amana sun ci, ladabi da sanin iyaka sun faɗi. Ga abokina, ku ɗauka, amma tun ranar farko ku rubuta abin da ba za su yi ba kafin abin da za su yi, ku nemi kwamanda mai shekaru wanda yake da iyali a unguwar, ku sanar da DPO na yankinku da sunayensu, makullin shinge ya zama biyu, kuma kar ku yarda a ba su kuɗin goro don sun kama mutum, daga nan ake fara kama wanda bai ji ba bai gani ba.

A zaman da ya wuce na kawo shawarar cewa duk mai biya ya samu bakin magana, 'yan haya da matan da ke riƙe da gida, ko da wakilci ne, samari ma a ba su kujera biyu. Wani Alhaji ya ce yanzu ɗan haya da zai tashi gobe shi zai tsara mana unguwa, aka yi ta hayaniya, mai unguwa ya ce a bar maganar sai bayan sallah. Ɗan hayan nan mai aiki a gidan burodi yana tsaye daga waje jikin taga yana ji, bai shigo ba. Jiya yaron karɓar kuɗi ya zo, na gan shi ya fara ta ƙofarsa kafin tawa.